Ƙwarangwal ɗin ƙarfe da ke tsaye cikin tekun Brighton

Tambaya: Na kai ziyara Brighton, a kudancin Ingila, sai na hango wani baƙin ƙwarangwal na ƙarfe tsaye cikin teku, babu hanyar zuwa wurinsa. Mene ne shi, kuma me ya hana a cire shi?

Amsa: Malam, abin da ka gani ragowar West Pier ce, gadar shaƙatawa da aka shimfiɗa daga gaɓa zuwa cikin teku don mutane su taka su sha iska. Injiniya Eugenius Birch ne ya tsara ta, aka buɗe ta a 1866. Tsawonta ya kai wajen mita 340, tana bisa ginshiƙan ƙarfe masu zare a gindi, waɗanda aka murɗa cikin ƙasan teku. A 1893 aka gina babban zaure a can ƙarshenta, a 1916 aka ƙara ɗakin kiɗa a tsakiya. Ƙwarangwal ɗin nan na wancan babban zauren ne.

Kuɗin gyara ne ya fara kayar da ita, tun kafin ruwa da wuta. An rufe ta a 1975, gishirin teku ya yi ta cin ƙarfen, ko da yake a 1982 an sa ta a mataki na ɗaya na gine-ginen tarihi da doka ta kare. Guguwar Disambar 2002 ta rusa wani sashe, sannan gobara ta tashi sau biyu, a Maris da Mayun 2003, ana kuma zargin cinna ta aka yi. Zuwa 2004 an haƙura da batun gyara.

Ragowar tana hannun ƙungiyar West Pier Trust, wadda ta bar ta teku ya ci gaba da cin rabonsa sannu a hankali. A ganina sun yi daidai. Mutanen garin sun saba da ita, kuma duk wanda ya tsaya a gaɓar da yammacin hunturu, rana na faɗuwa, dubban ƙananan tsuntsaye na kewaya baƙin ƙarfen kamar hayaƙi, zai gane abin da ya sa ba sa son a taɓa ta.

In ka koma, kada ka tsaya ga hange. Sauka bakin gaɓar kusa da doguwar hasumiyar kallo mai suna i360, wadda aka buɗe a 2016 daidai inda ƙofar gadar take a da. Za ka tarar da ginshiƙanta na asali guda 24 an jera su a nannaɗe kamar katantanwa. Ɗora hannu a kansu ka ji yadda tsatsa ta ƙwaƙule su.

Akwai ma wata gadar Brighton da ta riga ta ɓata, wato Chain Pier, da aka buɗe a 1823, guguwa ta share ta a Disambar 1896. Ƙaramar igwarta ta ba jiragen ruwa sanarwa tana ajiye a kan Palace Pier, gadar shaƙatawar garin da ke aiki har yanzu, kuma idan ruwa ya janye sosai akan ga kututtukan ginshiƙanta a gabas da wurin.