Amsa: Shin tantanin gaɓa ne ke hana amosanin gaɓɓai lafawa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gaskiya ne abin da ka ji, cewa a jikin ɓeraye ƙwayoyin halittar da ke shimfiɗe a tantanin cikin gaɓa su ne ke raya ciwon amosani, ba garkuwar jiki kaɗai ba. Na daɗe ina aiki da irin waɗannan ɓerayen a ɗakin gwaje-gwaje, kuma amsata ita ce e, da gaskiya a ciki sosai.

Gaɓa mai lafiya tana da tantani siriri, kaurinsa bai wuce ƙwaya ɗaya zuwa uku ba. Wasu ƙwayoyin halitta da ke cikinsa, waɗanda ake kira faibiroblas, su ke samar da ruwan da ke sa gaɓa santsi. Amma in ka yanko idon sawun ɓeran da ciwo ya kama ka duba a madubin likita, sai ka ga tantanin ya yi kauri, ya hau kan guringuntsi yana cin sa. Duk wanda ya taɓa gani da idonsa ba zai ƙara ce wa ƙwayoyin nan 'yan kallo ba.

A 1991 George Kollias da abokan aikinsa a Girka suka samar da ɓerayen da ke fitar da sinadarin TNF na ɗan'adam, mai tayar da kumburi, fiye da kima, amosani ya kama su da kansa. A 2008 suka nuna cewa ko da dangin faibiroblas ne kaɗai ke iya amsa kiran TNF ɗin, ciwon sai ya auku. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne gwajin Jamus na 2009: an dasa faibiroblas na mutane masu ciwon tare da guringuntsin mutum a gefe ɗaya na ɓeran da ba shi da cikakkiyar garkuwa, a ɗaya gefen kuma guringuntsi zalla. Ƙwayoyin suka bi jini suka je suka far wa na ɗaya gefen.

Sai dai ba duka aikinsu ɗaya ba. Masu bincike a Jami'ar Birmingham ta Ingila sun nuna a 2019 cewa na can ƙasan tantani su ke hura wutar kumburi, na saman kuma su ke lalata guringuntsi da ƙashi.

Inda nake jan kunnen mutane shi ne wajen ɗora sakamakon ɓera a kan mutum. Yawancin amosanin ɓera mu ne ke haddasa shi da allura, ya taso cikin kwanaki ko makonni, na mutum kuwa shekaru yake yi yana ginuwa. A 2007 an ga ɓerayen da ba su da furotin kadarin-11, wanda ke manne ƙwayoyin nan da juna, guringuntsinsu bai lalace sosai ba. Da aka gwada maganin toshe shi a jikin majinyata, bai yi tasirin da aka sa rai ba. Don haka in kana da mara lafiya a gida, ya ci gaba da maganin da likitansa ya ɗora shi a kai.