Ɗinkin rigar ruwa daga tsofaffin kayan gida: amsa ga wata tela a Mabera

Wata baiwar Allah daga unguwar Mabera a Sakkwato ta aiko da tambaya. Tana da keken ɗinki na ƙafa, ta kwashi adashe naira 50,000, ga tsofaffin zannuwan gado da labule da atamfofin da aka daina ɗaurawa jibge a ɗaki. So take ta mayar da su rigunan ruwa ta sayar wa iyayen 'yan makaranta. Tana tambaya ko abin zai ba da riba.

Hajiya, Allah ya yi wa nema albarka. Amma atamfa da zanen gado ki bar su inda suke. Yawancinsu auduga ce, ita kuwa auduga shan ruwa take yi ta ƙara nauyi. Yaro ɗaya ya dawo gida sharkaf cikin rigar da kika ɗinka, kafin magariba unguwa ta ji. Gaskiya ne ana narka kakin zuma a shafe yadi da shi ya hana ruwa shiga, sai dai kakin yana da tsada, zafin Sakkwato yana sa shi danƙo, ƙura kuma ta manne masa. Ban ba ki shawarar wannan ba.

Abin da za ki nema shi ne kayan da tun asali ruwa ba ya ratsa su: yadin lemar da ƙarafunanta suka karye, labulen banɗaki na roba, ledar shimfiɗa a tebur, tsohon tampol, da manyan banonin talla da na siyasa da ake yarwa bayan an gama da su. Buhun taki ko na maganin feshi kada ya kusanci jikin mutum, ko kyauta aka ba ki.

Sai maganar masu saye, nan ne lissafinki ya fi rauni. Daminarmu gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, kuma ruwa ya fi ƙarfi a Agusta, daidai lokacin da yara suke dogon hutu. Ga kuma rigunan ruwa 'yan China da na gwanjo a Babbar Kasuwa, da arahar da ba za ki iya karya ta ba in dai riga mai hannu da zif za ki yi. Wanda ruwa ke hana wa neman abinci shi zai buɗe aljihu ba ja-in-ja. Ɗan kabu-kabu yana son abin da zai rufe shi har gwiwa ya kare masa waya. Mai Keke Napep yana son labulen gefe. Mai tebur a bakin titi yana son murfin da zai jefa kan gari da sukari da zarar hadari ya haɗo. Labulen keke da murfin kaya ma har hunturu ana nemansu saboda ƙura da sanyi, kin ga ba za su yi miki kwantai ba.

In riga ce, yanka ta kamar hijabi, faffaɗa mai hula, ba hannu. Duk inda allura ta bi a roba ta bar rami, don haka ƙarancin ɗinki shi ne ingancinta. Ki buɗe tazarar ɗinkin, ki yi amfani da zaren roba, ki ninke gaɓar sau biyu, kada ɗinki ya zauna a saman kafaɗa inda ruwa ke sauka. In roba tana manne wa ƙafar keken ɗinki mai danne yadi, shimfiɗa siririyar takarda a kai, ki yage ta bayan kin gama. Dutsen guga kuwa kada ya taɓa ta. Kowace kika gama, sa wa yaro ki kwara masa ruwa da buta ki gani da idonki.

Batun kuɗi: kada abin da za ki taɓa ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na adashen. Ɗinka samfuri uku ko huɗu, ki ba maigida ko ƙaninki ya kai wa 'yan keke a inda suke jiran fasinja, ya auno girman kowane keke, ya karɓo kafin alƙalami kafin ki sa almakashi. Wajen yanka farashi, ki saka kuɗin tampol ɗin ko da kyauta kika samu, domin ranar da na gida ya ƙare saye za ki yi, kuma mai saye ba ya yafe ƙarin kuɗi na rana tsaka. Ki haɗa da zare, sabulun wanki, kuɗin motar ɗan aike da ladan zamanki a kan keke.

Ki fara tara kaya tun Afrilu, samfuri su fita kafin ƙarshen Mayu. Su atamfofin nan kuma, ki yi shafin ciki da su a wuya da hula don roba kada ta goge fata, ragowar ki ɗinka jakunkunan Islamiyya.