Aikin hannun Inna a asibitin kuɗi: amsa ga taubashina na Kano

Taubashi, saƙonka ya iso, da tambayar da ke ciki da habaicin da ka naɗe ta da shi. Kana son sanin ko a kai Gwaggo, wato mahaifiyarka, asibitin kuɗi a yi mata tiyatar hannu irin wadda aka yi wa Inna a nan Kumasi. Sai ka ƙara da cewa wai mu mutanen zango har mun raina mai ɗori, kuma wa ma ya yi jinyar tsohuwa tunda matata "ba tamu ba ce". Zan zo kan wannan. Bari mu fara da abin da zai amfani Gwaggo.

Ka tambaye ta waɗanne yatsu ne suke sagewa. Na Inna babban yatsa ne da manuniya da na tsakiya da gefen na kusa da shi, ƙaramin yatsa kuwa lafiyarsa lau. Da dare abin ya fi tsanani, ta farka tana yarfa hannu. Mace ce da ta ci ƙuruciyarta da tsufanta tana buga ƙullun ƙosai da dama koko a bakin titin Aboabo, don haka duk muka ɗauka gajiya ce ko sanyin ƙashi. Abin da ya tayar mana da hankali shi ne ranar da ta ce tana jan carbi amma ba ta jin ƙwayoyin a yatsunta, sai ta duba da ido. Tudun naman da ke gindin babban yatsanta ma ya fara lotsawa.

Likita ya yi mana bayani da zane a takarda. A wuyan hannu akwai wata matsattsiyar kafa, jijiyar da ke kai ji ga yatsun nan tana bi ta ciki tare da jijiyoyi 9 masu lanƙwasa yatsu, sama kuma wani tantani mai tauri ya rufe su. In wurin ya kumbura, jijiyar ji ce take shan matsa. Masu ciwon suga da masu juna biyu sun fi samunsa. Likitan kirki ba ya fara da wuƙa. Akwai takalmin hannu mai riƙe wuyan hannu a miƙe da ake kwana da shi, akwai allurar rage kumburi a wurin. Wanda ya ce maka tiyata tun bai taɓa hannun Gwaggo ba, ɗauki hularka ka fito.

Ba don babu ƙwararru a asibitin gwamnati muka je na kuɗi ba. Babban asibitin gwamnati na Komfo Anokye, wanda kowa a garin nan yake kira Gee, yana da likitocin ƙashi da na gyaran fata da jijiya, kamar yadda ku kuke da asibitin ƙashi na Dala tun 1959. Sai dai wanda mota ta murƙushe wa hannu dole ya riga tsohuwa mai sagewar yatsu shiga ɗakin tiyata, kuma gaskiyarsu ce. Sau da yawa likitan da za ka jira watanni ka gani a can, shi ne dai yake zama a asibitin kuɗi da yamma. Lokacinsa ka saya, da ranar aiki tsayayya, da damar ka yi tambaya sau uku ba a harare ka ba. Katin inshorar lafiya da gwamnatin Gana ta kawo tun 2003 bai yi mana aiki a inda muka je ba.

A nan ne zan yi ƙorafi. Sun ba mu takardar kuɗin aiki, muka ba da kafin alƙalami, muka ɗauka an gama. Ashe kuɗin ganin likita daban, gwajin jini daban, gwajin jijiya da ake yi da 'yar wutar lantarki daban kuma a wani wurin ake yi, magani daban, gashin hannu bayan aiki daban. Babu wanda ya yi mana ƙarya, ba a dai faɗa ba sai da aka zo wurin. Ka sa su rubuta maka komai tun farko, har da sauya bandeji da cire zare, kuma ka tambaya: in wurin ya yi ruwa aka dawo, wa zai biya?

Aikin kansa bai kai tsoron da muka ji ba. Ba a sa ta barci ba, allurar kashe zafi aka yi mata a tafin hannu, aka ɗaure damtse don tsai da jini, aka tsaga 'yar gajeriyar tsaga aka yanke tantanin nan don jijiya ta samu sarari. Irin wannan aikin bai cika wuce minti 20 zuwa 30 ba. Ta ce ɗaurin damtsen ya fi damunta a kan yankan. A ranar muka koma gida, nas tana ta jaddada a riƙa ɗaga hannun sama da ƙirji, a riƙa motsa yatsu, kada ruwa ya taɓa. Ana cire zare tsakanin kwana 10 zuwa 14. Sagewar dare ta tafi da wuri, amma tabon ya daɗe yana mata zafi in ta dafa ƙasa za ta tashi daga sallah, ƙarfin riƙo kuma sai da aka yi watanni. Likita bai ɓoye mana ba, jijiyar da ta daɗe a matse ba lalle ta dawo duka ba. Har yau kan manuniyarta bai gama farfaɗowa ba.

Wani abin dariya, asibitin mutum ɗaya suke bari ya shiga da majinyaci. Mu kuwa rabin layinmu ne suka biyo mu, mata da kwanukan abinci, don aikin da bai kai tsawon huɗubar Juma'a ba. Mai gadi ya rasa yadda zai yi da su. Da yamma gidanmu ya cika, kowa ya shigo da "sannu, Allah ya ƙara sauƙi" sai ya tura 'yan sidi, kuɗinmu na Gana, ƙarƙashin matashin kai. Kuɗin gashin da ya ba mu mamaki, daga nan ya fito.

To, ga maganar matata. Hannun dama aka yi wa aiki. Ka san abin da wannan yake nufi ga tsohuwar da ba ta taɓa kai loma baki da hagu ba. 'Yar Asanten nan da kake wa habaici ita ce take dama mata koko mai ruwa don ta iya sha da kofi, ita take gutsura mata tuwo, ita take cuɗa mata baya, ta ɗaura mata zani, ta zuba mata ruwan alwala Inna ta shafa a kan bandeji kamar yadda limaminmu ya ce. Ba sai an koya mata kunyar hagu ba, danginta sun fi mu tsanani a kai, ko kuɗi mutum zai miƙa da hagu sai ya nemi afuwa. Ta musulunta tun kafin in san ta, kuma surukuwarta take kira Inna, ba ta taɓa kama sunanta ba.

Na san abin da kuke tsoro, wai 'ya'ya za su ɓace. A al'adar Asantawa ɗa na dangin uwa ne, a tamu na uba ne. Sakamakon haka yarana kowane ɓangare yana cewa nasa ne, kuma ban ga abin kuka a nan ba. Suna jin Twi, yaren uwarsu, suna jin Turanci, suna zuwa makarantar allo da yamma. Hausarsu ce kuke wa dariya don sukan ce wa mace "ya zo". Na ji, ba daidai ba ne a Kano. Amma da wannan Hausar ake ciniki daga Asawase ta nan Kumasi har Nima ta Ankara, babban birnin Gana, da ita Bamoshe da Badagombe da Bazabarme suke fahimtar juna a zango, kuma da ita aka yi wa Inna addu'a.

Masu ɗori kuwa suna nan, muna da su, muna girmama su. Abin da muka koya da tsada shi ne a fara ɗaukar hoton ƙashi. Karayar wuyan hannu da ta shiga cikin gaɓa, in ta haɗe a karkace, haka mutum zai ƙare da ita, wani lokaci sai an sa ƙarfe. Ɗaurin da ya matse hannun yaro har yatsu suka kumbura suka canza launi, a kwance shi a ruga asibiti a daren. Mahautanmu kuma sun san nasu: wuƙa ta yanke jijiyar yatsa, a ɗaure da tsumma, ciwo ya warke tas, yatsa ya ƙi lanƙwasuwa. Wannan ɗinki yake so cikin 'yan kwanakin farko, sannan kusan mako 6 a takalmin hannu, da wajen wata 3 kafin a koma saran nama. Mahaucin da ke ci daga cinikin yini ba zai iya wannan zaman ba sai 'yan uwansa na fawa sun riƙe masa gida, kuma suna yi.

Ka tambayi Gwaggo ta ba ka labarin 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda kwana 14 su bar ƙasa. Kakanmu fataucin goro ya kawo shi, a nan ya binne iyayen gidansa, ya ce ba inda za shi. Gwaggo tana amarya ta bi mijinta a bayan babbar mota zuwa Kano, Inna ce ta ƙulle mata kayan ɗakinta a zani. Wato uwarka ma 'yar zango ce, taubashi, a Kumasi aka yanke mata cibiya. Ban kuma manta 1983 ba, da ku ma kuka tattara mutanen Gana kuka koro, amma yau ba ranar wannan ba ce.

Ba sai kun taso Gana ba. Ku fara auna sugan Gwaggo, ku nemi likitan da aikin hannu ne sana'arsa, ku tambaye shi ko shi da kansa zai yi aikin, da kuma wanda zai duba ta bayan an cire zare. Ku tsai da wadda za ta zauna da ita makonnin farko tun kafin a sa rana. Inna ta ce in an tsai da ranar a kira ta, tana son ta yi wa ƙanwar mijinta bayani da bakinta, don ta san Gwaggo da tsoron allura tun suna 'yan mata.