Itacen turare na ƙanƙare ƙasar gona ne?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina noma a wajen Kumo. Mahaifina ya jera itacen turare a gefen gonarmu, yanzu ƙasar wurin ta yi tauri, ruwan sama gudu yake yi ba ya nutsewa, gero kuma ba ya yin kirki a kusa. Laifin itacen ne? In sare su?

Amsa: Barka kadai. Itacen yana da nasa laifin, amma ba shi kaɗai ya yi wannan aikin ba, kuma kada ka yi gaggawar ɗaukar gatari.

Ƙasa mai lafiya ba gari ba ce zalla. In ka damƙo ta za ka ga ƙananan curi, tsakaninsu akwai ƙofofin da ruwa da iska ke bi. Abin da ke ɗaure curin nan shi ne ruɓaɓɓen ganye da ƙananan saiwoyin ciyawa da aikin tana da gara. Nan ne turare yake taɓa ta. Asalinsa daga Ostireliya ne, inda ya saba da ƙasa maras ƙarfi, ganyensa mai kauri ne kuma cike da mai, wannan ƙamshin da ake sirace da shi. Saboda haka yana jinkirin ruɓewa, ciyawa kuma ba ta son tsirowa a ƙarƙashinsa. Da ƙasa ta zauna tsirara, ruwan farko na damina sai ya farfasa curin sama, ƙofofin su toshe, rana ta busar da wurin ya yi ɓawo. A jigawa har da wani abu kuma: man ganyen yana lulluɓe yashi, in ya bushe sosai sai ruwa ya riƙa mirginawa a kai kafin ya shiga.

Sai batun tsami. A Filato, inda aka dasa turare da yawa a tsofaffin filayen haƙar kuza, an auna an ga ƙasar ta ƙara tsami bayan shekaru. Itacen yana zuƙe sinadarin kalsiyam ya tara shi a ɓawonsa, kalsiyam kuwa yana cikin abin da ke riƙe curin ƙasa. To duk wanda ya kwashe itace da ɓawonsa ya kai kasuwa, da ƙarfin gonarsa ya tafi.

Amma abin da na fi gani a ƙasar Gombe da Bauchi, mu ne muke ƙarasa ɓarnar. Ganye ya zubo a share ko a cinna masa wuta, rassa a tsince su don girki, shanu su yini a inuwar suna tattake wurin. Ko a gindin ɗorawa aka yi haka, ƙasa za ta ƙanƙare. A Burazil, masu manyan gandayen turare suna sarewa bayan shekara 6 zuwa 7, amma da yawansu suna barin ganye da ɓawo a fili, don sun gane riba ce. Kuma a tudu mai tsakuwa ko wurin da ruwa ya riga ya zaizaye, turare ya fi babu, tunda saiwarsa na riƙe ƙasa. Wanda ya san kwazazzaban garin Gombe ba zai raina wannan ba.

Shi kuwa geron naka, ƙishirwa ce ta fi damunsa. Saiwoyin turare na sama suna bazuwa nesa su shanye laima kafin shuka ta samu. Ka haƙa rami mai zurfin kamar rabin mita tsakanin layin itacen da kunyoyin farko, ka datse saiwoyin, ka maimaita in sun dawo. Ka rage itatuwan in sun cunkushe. Kututturen zai sake tohowa, azara da sandunan gini ba za su yanke maka ba. Ka daina ƙona ganyen, ka haɗa shi da takin shanu da ɗan toka ka zuba a wurin da ya yi tauri, ka sa wake ko gyaɗa a kunyoyin da ke kusa. Ba gyaran damina ɗaya ba ne.

In akwai waɗanda ke bakin fadama ko kusa da rijiya, waɗannan kam a cire su. A tsakiyar gona kuma gawo ya fi dacewa, shi da yake zubar da ganyensa da damina ya bar wa gero rana.