Na goge bindigata tas, amma harbin farko sai ya watse: laifin wa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Damagaram ne, na samu ƙaramar bindiga mai cin harsashin .22, da takardar izininta, ina so in koyi harbin saiti. Duk ranar da na yi harbi sai na goge bututun tas na zuba mai, kamar yadda na ga tsoffinmu suna yi wa adaka. Amma in na koma fili, harbin farko sai ya watse, sai can a hankali ya fara haɗuwa. Ni ne ban iya gogewa ba, ko harsashin ne ba shi da kyau? Kuma wane iri ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abin da ka gani halin wannan bindiga ne, ba ciwo ba ne. Tsoffinmu suna da gaskiya a kan adaka, domin dattin baƙin albarushi yana jan laima, in ya kwana a bututu tsatsa ta kama. Harsashin .22 LR (wato Long Rifle) kuwa, wanda kamfanin Stevens na Amurka ya fito da shi a 1887, yanzu da albarushin zamani ake cika shi, kuma kansa dalma ce mai laushi da aka shafe da kaki. Taɓa shi ka ji, yana ɗan maiƙo a yatsa. Kowane harbi yana barin ɗan wannan kaki a jikin bututu, kuma sai ya shimfiɗu daga gindi har baki kafin harsasai su fara fita da gudu iri ɗaya. Ranar da ka goge tas, ka kwashe shimfiɗar ke nan. Shi ya sa masu gasa suke fara harba goma ko ashirin a gefe, ba sa ƙirga su.

Ba cewa nake yi ka daina gogewa ba. Dattin da ke ɓata saiti yana taruwa ne a wuri guda, daidai gaban inda kwanson harsashi yake ƙarewa. A nan kunkunniya da dalma suke daskarewa su yi zobe mai tauri, har ka ji harsashi yana cijewa wajen shiga. Nan za ka sa buroshi da ruwan goge bindiga, ka bar shi ya jiƙa na ɗan lokaci. Sauran bututun kuwa ƙyalle mai damshi da busasshe biyu ko uku sun isa. Sau nawa? Su kansu gwanayen sun rabu, wasu kullum, wasu sai bayan ɗaruruwan harbi. Ni dai ina ganin ga mai farawa, ya bari sai takardar da yake harbi ta nuna masa harbi ya fara buɗewa.

Kafin komai ka cire gidan harsashi, ka buɗe, ka duba da ido babu komai a ciki. Ka shigar da sandar gogewa daga baya zuwa baki, hanyar da harsashi yake bi. Leɓen bakin bututu shi ne abu na ƙarshe da harsashi yake taɓawa, in sanda ta ci gefe ɗaya, saiti ya tafi, kuma sai mai gyara. In bindigarka ba ta buɗuwa ta baya, yi amfani da igiyar da ake ja ta ciki. Kada kuma ka riƙa jan kunama babu harsashi: wannan iri a gefen gindin kwanso ake dukansa, to in babu kwanson, ƙarfe ne zai doki ƙarfe.

Maganar mai fa, a garinmu sai da hankali. Lokacin hunturu, in hazo ya sauka, mai da yawa tarkon ƙura ne, ƙura da mai kuma in sun haɗu cin ƙarfe suke yi. Ɗan shafe kaɗan ya wadatar, sai da damina ka ɗan ƙara saboda tsatsa. Man gyaɗa ba ya cikin lissafi, danƙo yake zama. Kafin harbi ka bi bututun da busasshen ƙyalle.

Sai harsashi. Babu wanda zai iya gaya maka daga nesa irin da bindigarka take so, ko da kuwa shi ya ƙera ta. Bindiga biyu daga kamfani ɗaya sukan bambanta. Eley na Ingila, RWS da SK na Jamus, Lapua, da CCI na Amurka duk sanannu ne, amma ko a kamfani ɗaya, zubin yau da na gobe ba ɗaya ba ne. Saboda haka ka duba lambar zubi da aka buga a jikin kwali. Abu ɗaya zan iya ce maka: kada rubutun gudu ya ruɗe ka. Na saiti yawanci kansa giram 2.6 ne, yana fita da gudun mita 325 zuwa 330 a daƙiƙa, wato ƙasa da gudun sauti, wanda yake kusan mita 343. Mai saurin yana fita sama da sauti, sannan ya faɗo ƙasa da shi a hanya, kuma a wannan tsallakawa yakan ɗan girgiza. Mai sanyin gudu ya fi haɗa harbi.

Gwajin kansa haƙuri yake so. Ka auna mita 50, tazarar da ake gasar Olimfik da wannan harsashi, inda da'irar tsakiya faɗinta milimita 10.4 ne kacal. In ka ga ya yi maka nisa, fara da 25. Ka ɗora bindigar a kan buhun yashi gaba da baya, don hannunka ya fita daga lissafi, ka tabbatar kusoshin madubin saiti da na ƙota a ɗaure suke. Ka fita da sassafe kafin iska ta taso, domin iskar gefe mai gudun kilomita 15 a awa tana iya ture wannan ɗan harsashi santimita biyu ko fiye a mita 50. Kowane iri ka harba goma a gefe tukuna, saboda kakin wannan kamfani daban da na wancan, sannan ka yi rukuni biyar, kowanne harbi biyar. Kada ka taɓa saitin madubi a tsakiyar gwaji. Ba tsakiyar takarda kake nema ba yanzu, haɗuwar ramuka kake nema.

Wajen awo, ɗauki ramuka biyu da suka fi nisa da juna, ka auna daga bayan wannan zuwa bayan wancan, ka cire milimita 5.6, faɗin harsashi ke nan. Rubuta duka biyar ɗin a kaye, wato littafin rubutu, har da mummunan, da lambar zubi da yanayin iska. Mutane sukan ɗauki rukuni ɗaya da ya yi kyau su sa a aljihu suna nuna wa abokai, alhali sa'a ce. Matsakaicin biyar ɗin shi ne shaida. Irin da ya ci, in da hali, ka sayi mai yawa daga wannan zubin, ka ajiye a ɗaki mai inuwa. Kwalin da ya wuni cikin mota a zafin Afrilu, kakinsa ya riga ya narke.

Wurin harbi kuma, ka guji duwatsun nan da suka kewaye gari. Wannan harsashi yana dukan dutse ya karkace ya nufi inda ba ka zata ba, kuma yana iya tafiya fiye da kilomita ɗaya da rabi. Ka nemi tudun rairayi mai tsayi a bayan takardarka, nesa da burtali da gonaki. A halin tsaron da ake ciki, kada ka harba ko ɗaya sai ka sanar da jandarmomi da mai garin wurin, takardar izininka tana aljihu. In ka gama, ka wanke hannu da sabulu kafin ka kai abinci baki, saboda dalma.