Albarushin magnum kake tambaya, kai da ko baushe ba ka iya ɗurawa ba

Wato ka kwana kana kallon mutanen Amurka a waya suna cika harsashin ƙaramar bindiga mai juyi, shi ne ka wayi gari kana tambayata wane albarushi ake zaɓa wa magnum, wato harsashin nan nasu mai ƙarfin gaske. Ajiye zarton nan ka ji, yaro, amma sau guda zan faɗa.

Da saurin cin wuta ake zaɓen albarushi. Akwai mai ci kamar karan hatsi, fau ya ƙare, akwai mai ci kamar gungumen ƙirya, yana ci yana ƙara turi. Kwanson magnum dogo ne, harsashinsa da nauyi, saboda haka mai ci a hankali yake so in cikakken ƙarfi ake nema. Lokacin da maƙeran bindiga na Amurka Smith & Wesson suka fito da .357 Magnum a 1935, sun ƙara wa kwanson tsohon harsashi .38 Special tsawo da kamar milimita 3 don kada wani ya cusa shi a tsohuwar bindiga, tunda matsin da yake yi ya kai kamar ninki biyu. Elmer Keith, wani Ba'amurke masanin bindiga wanda ya matsa har aka yi .44 Magnum, da albarushin da ake kira 2400 ya yi suna. Sai H110 da Winchester 296, waɗanda abu guda ne a gwangwani biyu. Su waɗannan ba sa son a rage su. Kamfanin da ke sayar da su da kansa ya ce kada a sauka fiye da kashi 3 cikin 100, don in sun yi kaɗan wutar ba ta kama su da kyau, harsashi ya maƙale a bututu, na bayansa ya zo ya same shi. Masu sauri irin Bullseye kuwa ɗan kaɗan ake sawa, kwanso ya yi fili, mai gyangyaɗi ya zuba sau biyu bai sani ba, bindiga ta tashi a hannunsa. Ma'auninsu giren ne, 15 da ɗoriya ke yin giram guda, kuma daga littafin kamfani ake ɗauko adadi a ɗora a sikeli. Wanke kwanso da sauran tarkace ba zan ɓata yawuna a kansu ba, kowane sakarai ya sani.

Ku yaran yanzu abin da ba ku ganewa shi ne kowane baƙin gari ba albarushi guda ba ne, kuma wannan rashin ganewar ce ta taɓa cinye mini jari. Wani maharbi daga wajen Abalak ya zo nan Tawa ya sa na ƙera masa baushe. Na zaɓo ƙarfe mai kauri, na yi gindin da hannuna, na sassaƙa ƙota, na gwada ta a bayan gari a gabansa da albarushinmu na gargajiya har ya ce madalla. Ko cikon kuɗina bai ba ni ba, ya ce sai bayan kaka. Kafin kaka ta zo sai ga shi da 'yan uwansa, hannu naɗe da tsumma, yatsu biyu sun tafi, bututu ya tsage tun daga gindi. Wai ƙirata ce marar kyau.

Na karɓi bututun na kai hanci. Albarushin gargajiya in ya ci, wari yake bari irin na farar wuta, ga baƙin dauɗa mai danƙo da ke shafa a yatsa. Wannan tas yake, sai wasu 'yan ɓarɓashi masu faɗi da ba su ci ba maƙale a tsagar. Nan take na san kartushin kalibar 12, wato harsashin bindigar farauta ta Turawa, ya farke ya juye garinsu, ya auna da tafin hannu yadda ya saba auna namu. Wancan gari marar hayaƙi ne, wanda wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya fara haɗawa a 1884, kuma matsinsa ya fi ƙarfin duk baushen da aka taɓa ƙerawa a Adar. Na faɗi haka a gaban sarkin maƙera. Mutumin ya rantse bai taɓa farka kartush ba. Dattawa suka dubi hannunsa, suka dube ni, suka ce a yi haƙuri, mai rauni ne. Na biya kuɗin likita, na yafe cikon bashina dole, na sayar da raguna biyu da nake kiwo don Layya. Abin da ya fi ci mini rai, maharban wannan yanki suka ɗauke ƙafa suka koma Ƙonni, wai ƙarfen maƙerin Tawa yana fashewa. Daga baya ƙanensa ya zo gyaran kunama, da bakinsa ya ce ai yayan nasa ya daɗe yana farka kartush don ya fi kai nesa. Har yau bai tako ya ce in yafe masa ba, kuma ban yafe ba.

To ka ga H110 ɗin da kake kira kamar sunan abokinka, babu shi a kasuwar Tawa, kuma ƙaramar bindiga ba a riƙe ta sai da takardar izinin hukuma. Duk wanda ya kawo maka gari a leda ko a kwalbar magani ya ce na magnum ne, kore shi daga rumfata. Garin da ba gwangwaninsa, ba sunansa, ba ka san saurinsa ba, balle wanda ya sha zafin Afrilu a ƙarƙashin kwano. Kuma daga yau duk baushen da zai fita daga nan, a gaban shaidu biyu za ka gaya wa mai ita abin da ake ɗura mata. Ɗauki zartonka, wannan ƙotar ba ta miƙe ba.