Tangaran da Sassaƙen Sin a Cikin Kayan Gado: Mu Sallama wa Dillali?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mahaifinmu ya rasu bara. Ya daɗe yana fatauci zuwa Hong Kong, kuma a kabad ɗinsa mun tarar da tulun tangaran mai zanen shuɗi da fari, da haruffan Sinanci shida a gindinsa. Akwai kuma ɗan mutum-mutumi fari kamar hauren giwa, da koren dutse sassaƙaƙƙe. Wani dillali ya taya su duka, sai gaggawa yake yi. Ba a raba gado ba tukuna. Mu sallama?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙan Baba. Kada ku sallama tukuna. Haƙƙin magada ne, kuma mai gaggawar saye sau da yawa ya hango abin da ba ku hango ba.

Haruffan nan shida tambarin zamanin sarki ne. Ana karanta su daga sama zuwa ƙasa, a fara daga dama: biyun farko daula, na tsakiya sunan zamanin, na ƙarshe "an yi a shekarun". Wanda aka fi cin karo da shi shi ne na Qianlong, 1736 zuwa 1795. Sai dai tambari ba shaida ba ne. Tun zamanin Kangxi, 1662 zuwa 1722, maginan Jingdezhen, birnin tangaran na lardin Jiangxi, suna buga tambarin Chenghua na ƙarni na 15 don girmama magabata, har yau kuma ba a daina buga tsofaffin tambura a sabon kaya ba. Mafi yawan abin da ke ɗauke da sunan Qianlong an yi shi ne bayan sarkin ya daɗe a ƙasa.

Ki kifa tulun a kan bargo, ki dubi zoben da yake zama a kai, inda ba a shafa ruwan ƙyalli ba. Na tsohon kaya ya goge a hankali, yana da santsi a yatsa. Na jabu za ki ga dauɗar shafa ta aka yi, launi ɗaya ko'ina, wani lokaci da ruwan shayi. Sannan ki sa gilashin ƙara girma a kan shuɗin. Zanen hannu yana nuna inda burushi ya sauka da inda ya tashi, nan duhu can haske. Bugun inji kuwa ɗigo-ɗigo ne jere. Idan kin ga CHINA da boko, to bayan 1891 ne, lokacin da dokar Amurka ta wajabta rubuta ƙasar da kaya ya fito. Ki ɗan ƙwanƙwasa da farce: lafiyayye yana amo kamar ƙararrawa, mai tsagu kuwa sai ki ji dum. Tsagu ko gyara na karya farashi ƙwarai.

Mutum-mutumin ya fi ba ni damuwa. A gindinsa, hauren giwa na nuna layuka masu gittawa kamar saƙar raga, ƙashi na da ƙananan ramuka baƙaƙe, roba kuwa ba ta da ko ɗaya. Kada ki bari a soka masa allura mai zafi da sunan gwaji, ɓata kaya ne kawai. In haure ne, da wuya ya sayu: yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin namun daji, ta hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1989, Sin ma ta rufe kasuwarta a ƙarshen 2017, kuma manyan gidajen gwanjo ba sa son taɓa shi. Kada a sa shi a jakar tafiya.

Koren dutsen, in irin wanda Sinawa ke kira yu ne, wuƙa ba ta karce shi, kuma ya fi yadda ido ke zato nauyi. Mai laushin da ake cika shagunan tsaraba da shi, nan da nan yake nuna tabo.

Nawa ke nan? Labarin da ke sa mutane mafarki gaskiya ne: a 2021 babban gidan gwanjo na Sotheby's ya sayar da wani ɗan kwano na zamanin sarkin Sin Yongle dala 721,800 a New York, bayan an saye shi dala 35 a wani gwanjon ƙofar gida. Amma an yi ta yayata shi ne don ba a saba gani ba. A ganina, kayan da ɗan kasuwa ya tsinto a Hong Kong ya fi kama da kayan adon ƙarni na 20, mai kuɗi daidai gwargwado.

Kada ku wanke da bilic, kada ku liƙe komai, kada ku ɓamɓare jan hatimin kakin zuma in akwai, don shaidar izinin fitarwa ce daga hukumomin Sin. Ku binciko rasit, tsohon fasfo da hotunan ɗakin Baba da tulun ya fito a ciki. Ku ɗauki hoto da hasken rana, gaba, baya, baki da gindi, ku auna tsawo, ku aika wa manyan gidajen gwanjo irin su Sotheby's, Christie's ko Bonhams. Sukan ba da ƙiyasin farko kyauta. Wanda zai ƙiyasta kada ya zama shi ne mai saye, kuma a nuna wa dukkan magada amsar kafin malamin rabo ya zauna.